Adireshi Mai Sunan Aro

Sufeto yana tsaye a bakin tagar ofis da waya a kunne, yana tambayar 'yarsa ko ta isa wurin aiki lafiya, sai hayaniya ta tashi a kantar karɓar ƙara ta caji ofis. Yarinyar ba ta daɗe da samun aikinta na farko a wani gari ba, kuma tun ranar da ta tafi uban ya mayar da kiranta kamar aikin gwamnati.

"Baba, na iso. Jiya na iso, gobe ma zan iso in Allah ya yarda," in ji ta, ta kashe wayar.

Saje ya leƙo da kai. "Yallaɓai, wata Hajiya ce da ƙarar sata. Ta ce ba za ta yi magana da ƙaramin ma'aikaci ba."

Kafin Sufeto ya ce a shigo da ita, ta riga ta shigo ta zauna, ta ɗora jaka a kan teburinsa.

"An kwashe mini 'yan tsaki," in ji ta.

"'Yan tsaki?"

"Kada ka raina su, Sufeto. Sabon iri ne, na sha wahala kafin in samo ƙwansu. Kamfanin ƙyanƙyasa gare ni. Mutane suna yin oda ta shafinmu na intanet, direba ya kai musu har gida. Sau biyu ke nan ana loda kwalaye a mota, mota ta dawo wayam, masu oda kuma su kira su ce ko gashin tsako ba su gani ba."

"Kina zargin direban?"

"Shi wannan ko ƙarya bai iya ba. Na san ɓarauniyata. Sabuwar yarinyar da na ɗauka aikin kwamfuta ce. Injiniyana ya duba, ya ce da sunanta aka taɓa shafin direba. Ku zo ku ɗauke ta kawai."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Ya san doka: ƙara ta zo da suna, da shaida a kan sunan. In bai samo wani abu dabam ba kafin ya bar kamfanin, yarinyar a bayan kanta za ta kwana.

A bakin get ɗin kamfanin wani dattijo siriri ya tare motarsu. Hannuwansa duk baƙin mai, da alama daga kan aiki ya taso.

"Ranka ya daɗe, ni ne uban yarinyar. Gyaran keken ɗinki nake yi. Ta kira ni tana kuka. Wallahi Mamana ko allura ta tsinta a shago sai ta tambayi mai ita."

"Kwantar da hankalinka, malam. Tambayoyi kawai muka zo yi."

"Haka ake cewa kullum," in ji dattijon. Ya dubi ankwar da ke rataye a ƙugun Saje. "Bari in je gida in dawo." Ya hau tsohon kekensa ya tafi yana waiwaye.

Sufeto ya bi shi da kallo. Sai ya yi gyaran murya ya ce wa Saje ya kira direba.

Direban yana wanke mota a tsakar kamfani, ga kukan 'yan tsaki yana fitowa daga dogon ɗakin ƙyanƙyasa kamar ana ta murza sabon takalmi.

"Ni abin da waya ta ce shi nake bi, yallaɓai," in ji shi. "Da safe in buɗe shafina, in ga suna, in ga adireshi, in tafi."

"Nuna mini na ranar."

Ya goge hannu a wando ya lalubo. Sunan mai oda daidai yake. A ƙarƙashin adireshi kuwa an rubuta: Bayan kamfanin bulo kusa da ru. Wurin lambar waya babu komai.

"Kusa da ru me?"

"Abin da na tambayi kaina ke nan! Na yi ta kewaya bayan kamfanin bulon nan kamar an aike ni neman aljani. Can sai wani mai keke ya ɗaga mini hannu daga rumfar mai faci, ya faɗi lambar oda, ya ce aiko shi aka yi. Na sauke masa."

"Adireshi yakan yanke haka?"

"Bai taɓa ba. Wata mata ma har launin ƙofarta da sunan karenta take rubutawa, duk ya fito."

"Kai ka iya kwamfuta?"

Direban ya sunkuya ya ɗauki soso. "Ni? Ina ni ina kwamfuta."

Ofishin kwamfuta ɗan ƙaramin ɗaki ne mai tebur biyu da fanka mai ƙara. Injiniya, wani mai tumbi da agogo babba, ya tarbe su da fara'ar da ta yi yawa. Ya nuna musu inda na'ura ta rubuta cewa daga kwamfutar yarinyar aka yi canjin, kuma da sunanta.

"To buɗe mana mu ga me aka canza," in ji Sufeto.

"Ai nan gizo... ai nan matsalar take, yallaɓai. Sai da babban mabuɗi. Shi kuma sai na tuntuɓi kamfanin da ke ajiye mana rumbun bayanai. Ƙila mako mai zuwa."

"Kai da rumbunka, sai ka nemi izini?"

"Tsari ne, yallaɓai. Tsaro." Fanka tana kaɗawa, amma goshinsa ya jiƙe.

Daga nan suka zaga sito, inda ake haɗa kwalaye. Mai kula da wurin ƙanen Hajiya ne. 'Ya'yanta suna ce masa Kawu, sai duk kamfanin ya ɗauka, har waɗanda suka girme shi. Gwauro ne, mai son a san da zamansa. Suka same shi yana hamma a kan buhun dusa.

"Ni tun farko na ce wa Yaya wannan harkar intanet ɗin ba za ta ƙare lafiya ba," in ji shi. Ya zaro wata 'yar waya mai tocila ya ɗaga. "Ka ga tawa. Kira da amsawa. Kwamfuta ko kunna ta ban iya ba."

"Idonka ya yi ja, Kawu."

"Sauro, yallaɓai. Unguwarmu sauron har sallama yake yi."

A ƙofar ɗakin ƙyanƙyasa suka ci karo da likitan kajin, wanda ake kira Dakta, yana wanke hannu. Shi ma ya rantse bai san kan kwamfuta ba. Amma da aka zo maganar tsaki sai bakinsa ya buɗe.

"Wanda ya ɗauke su dai ya ɗauko wa kansa aiki. Tsakon kwana ɗaya jariri ne. Sai da ɗumi dare da rana. Wuta ta yi ƙasa su hau kan juna su mutu, ta yi yawa su galabaita. In ba ka da injin, to barci ya ƙare maka."

Sufeto ya tuna shekarun da yake tashi da goyo a kafaɗa yana zagaya ɗaki, da yadda abokan aiki suke gane shi da safe tun daga nesa.

Yarinyar tana zaune a ɗakin baƙi, an hana ta taɓa komai. Tabarau ake ce mata, saboda wanda take sawa ya kusa rufe rabin fuskarta. Ta yi kuka ta gaji, yanzu haushi ne ya rage.

"'Yata, ke kika canza shafin direba?"

"Ban canza ba, yallaɓai."

"Sunanki ne a wurin."

"Kwamfutata ce a wurin. Injiniya ya ce kada in riƙa kashe ta in zan tafi, wai da ita ake kwafe bayanai a ajiye bayan an tashi. Ni kuma nake fara tafiya, don Babana in magariba ta yi ban shiga gida ba sai ya fito titi."

"Yana da gaskiya," in ji Sufeto da sauri. Saje ya kau da kai yana murmushi.

"Kuma kullum da safe sai na tarar an ja kujerata baya. Wata rana a ɗage ta sama, wata rana a sauke. Na yi magana, aka ce mai shara ce."

"Mai shara tana zama ta gwada tsawon kujera?"

"Abin da na ce ke nan."

Sufeto ya jawo kujera ya zauna gabanta. "Ni karatuna bai yi nisa ba. Yi mini bayani yadda zan gane. Yaya kwamfutar ofis za ta nuna adireshi ɗaya, wayar direba ta nuna wani?"

Ta gyara zaman tabarau. "Rumbun bayanai kamar sito ne, yallaɓai. A ciki akwai tebura, kowane tebur an raba shi gurbi-gurbi: gurbin suna, gurbin adireshi, gurbin lambar waya. Shafin direba ba ya ajiye komai. Tambaya yake aika wa rumbu, amsa ta dawo, ya nuna. In gurbi ya zo ya ce ni ne adireshi, shafi ya yarda."

"Ba ya bincike?"

"Ba ya yi. Mai rubuta tambayar kuma yana iya sa wa kowane gurbi laƙabi. Ya ɗauko wani abu daga wani teburi can, ya ce a kira shi adireshi."

"Ah to. Mu in mutum ya zo kanta ya ce sunansa wane, ba ma tsayawa nan. Sai mun ji sunan yanka, da na ubansa, da unguwarsu."

Yarinyar ta miƙe zumbur har tabarau ya zame. "Mu ma muna da wannan! Amsa ba ta zuwa ita kaɗai. Kowane gurbi yana zuwa da bayaninsa a bayansa: sunansa na asali, teburin da ya fito, irin abin da yake ɗauka, da faɗinsa. Ba a dubawa ne kawai, don ba a cika bukata ba."

"Sai da babban mabuɗin Injiniya?"

"Ko kaɗan. Ƙaramin mabuɗin da shafin direba yake aiki da shi ya isa. Ba zai nuna mana cikin tambayar ba, amma amsar dole ta faɗi asalinta."

Sai dai wadda ake zargi ba ta taɓa kayan shaida. Don haka aka aro kwamfutar Hajiya ta hannu, aka zaunar da Saje a gabanta, Tabarau ta tsaya a bayansa da hannuwa a goye tana faɗa yana bugawa.

Saje mutum ne da ya taɓa kama ɓarawon shanu da hannu ɗaya, amma a gaban madannai sai ya koma ɗan aji ɗaya. Da yatsa guda yake nema, harshe a waje.

"Ba wannan ba, Saje, na kusa da shi."

"Ai duk kamarsu ɗaya!"

"Ka danne shi da yawa, ga shi ya cika layi."

"Shi ya ƙi sakina."

Sufeto yana safa da marwa a bayansu kamar mai jiran haihuwa. Da ƙyar aka gama 'yan layukan. Ta sa aka nemi odar da aka sace, sannan aka ce wa amsar ta faɗi bayanin gurabenta. Saje ya danna babban maɓalli ya janye hannu da sauri kamar zai cije shi.

Rubutu ya fito. Tabarau ta sunkuya tana karantawa.

"Gurbin suna, asalinsa suna, daga teburin oda. Wannan lafiya. Gurbin adireshi..." Sai kafaɗunta suka fara rawa. Sufeto ya zaci kuka ne, ashe dariya ce.

"Mene ne?"

"Yallaɓai, sunansa na asali wai sunan ɗalibi. Daga wani teburi mai suna darasi na huɗu. Faɗinsa harafi talatin, shi ya sa adireshin ya yanke. Gurbin lambar waya kuma asalinsa maki ne. Makin jarrabawa! 'Yar ƙaramar lamba yake ɗauka, lambar waya ba za ta shiga ba, shi ya sa aka bar shi wayam."

"Ma'ana?"

"Ma'ana ɗan koyo ne. An koya masa yin teburin ɗalibai, bai iya yin wani ba, sai ya cusa adireshi a gurbin sunan ɗalibi ya sa masa laƙabi. Ni ko a shekarar farko ba zan yi wannan ba. Injiniya ma ba zai yi ba."

Sufeto ya koma ofishin kwamfuta shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya zauna a kujerar yarinyar. Ya ɗaga ta sama, ya sauke ta ƙasa, yana kallon Injiniya.

"Wa yake ba da darasi a ɗakin nan?"

"Darasi? Babu, yallaɓai."

"Na huɗu fa? Mai teburin ɗalibai."

Fara'ar Injiniya ta zube gaba ɗaya. Ya dubi ƙofa, ya dubi fanka, ya sauke murya.

"Don Allah kada Hajiya ta ji. Ta hana kowa taɓa kwamfuta bayan an tashi. Ɗan abin shan ruwa nake samu. A kwamfutar yarinyar nake koya musu, tunda a kunne take."

"Su wa?"

"Direba, da Dakta, da Kawu. Kowa da ranarsa. Kowannensu ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, kowa yana ganin shi kaɗai ne zai wayi gari ya ba mutane mamaki."

"Duk sun kai darasi na huɗu?"

"Duka. A nan ake koyon laƙabi. Kuma... da shafin direba na yi musu misali. Wani lokaci nakan bar mutum yana gwaji in je in yi salla."

"Babban mabuɗin fa?"

"Yana aljihuna. In na buɗe, za a ga teburan darasi."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. "Wato ka gwammace 'yar mutane ta kwana a bayan kanta da a ce ka yi laifin koyarwa. Kana da 'ya?"

"Biyu, yallaɓai."

"To ka riƙa tuna su. Yanzu ga abin da za ka yi mini."

Aka tara kowa a ofishin Hajiya. Ita tana bayan teburinta, Kawu ya samu kujera mai laushi a gefenta, Direba da Dakta suna tsaye a jikin bango. Saje ya jingina da ƙofa kamar wanda ya gaji.

Sufeto ya riga ya cire Direba a ransa: wanda kaya ke cikin motarsa ba ya bukatar adireshin ƙarya, balle ya ɓata rana yana neman sa. Tsakanin sauran biyun kuma ya san wanda idonsa ya yi kama da na mai jego. Amma jan ido ba shaida ba ne a gaban alƙali.

"Hajiya," in ji shi, "ba mu san ɓarawon ba tukuna, amma mun ga aikinsa. Na ce masana biyu su gaya miki irin mutumin da za mu nema. Injiniya, bismilla."

Injiniya ya share gumi. "Gaskiya, Hajiya, ban taɓa ganin aiki mara kai irin wannan ba. Mutum ya sa adireshi a gurbin sunan ɗalibi."

"Sunan ɗalibi?" in ji Hajiya. "Makaranta muka buɗe?"

"Lambar waya kuma a gurbin maki," Tabarau ta karɓa. "Ta ƙi shiga, ya rasa yadda zai yi, ya bar ta."

Direba ya fashe da dariya, irin ta wanda ya ji sanyi a ransa cewa ba shi kaɗai ne daƙiƙi ba. Dakta ya rufe baki da hannu.

"Ba ku ji komai ba," in ji Injiniya, ya fara jin daɗin abin. "Faɗin gurbin talatin. Adireshinsa ya fi haka, wutsiyar ta yanke, ko lura bai yi ba."

"Ya kusa ɓatar da kayan satar da kansa!" in ji Direba. "Da ban yi haƙuri ba, da na dawo da su."

"Wato ɓarawon ma sai da aka taimaka masa," in ji Saje daga ƙofa.

"Ni dai a ganina," Sufeto ya ce a hankali, "yaro ne ƙarami. Babba mai hankali ba zai yi wannan shirmen ba. Ko kuma wanda aka yi ta koya wa abu ya ƙi shiga kansa."

"Kan kwakwa," in ji Hajiya tana share hawayen dariya. "Kai, ko akuya aka zaunar..."

"Ai talatin ɗin shi ya rubuta!"

Kawu ne. Ya miƙe tsaye, yana nuna Injiniya da yatsa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Shi ya rubuta talatin da hannunsa, bai taɓa cewa ana ƙarawa ba! Kullum sauri yake yi! Kuma da kuke ta dariya, ai ya yi aiki. Sau biyu yana aiki, duk iliminku ba wanda ya gane!"

Kukan 'yan tsaki kawai ake ji daga waje.

Kawu ya dubi yatsansa da ke miƙe, ya sauke shi sannu a hankali, ya koma ya zauna.

"Kai da ko kunna ta ba ka iya ba," in ji Sufeto.

"Auta?" Muryar Hajiya ta canza. "Auta, kai ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, shekara nawa ina ce miki ki ba ni ko kwali ɗaya in gwada kiwo? Kullum sai ki ce ni ko kyanwa aka ba ni sai ta gudu. Ina ninke kwali, yara suna ce mini Kawu, shi ke nan rayuwata. Na ce bari in raine su su girma, in kira ki ki gani da idonki."

"Mai keken fa?" in ji Sufeto.

"Haya na ɗauke shi. Bai san komai ba."

"Suna ina?"

"A ɗakina. Na fitar da gado na sa a zaure. Tukwanen gawayi na jera musu, ina tashi ina dubawa." Ya ɗago kai, wani ɗan alfahari ya dawo masa. "Ko ɗaya bai mutu ba."

"Ko ɗaya?" in ji Dakta. "Da gawayi? Kai, Kawu, ashe..." Ya ga idon Hajiya, ya haɗiye sauran.

"Da sunan yarinyar nan fa da ka yi aiki?" Sufeto ya tambaya. "Ka ji da safe an ce za a kama ta. Kana zaune a kan buhu kana hamma."

Kawu ya dubi Tabarau, ya mayar da ido ƙasa. "Ban san na'urar tana rubuta suna ba. Da na ji, tsoro ya kama ni. Ki yafe mini."

Hajiya ta jawo jakarta ta rungume. "Sufeto, tunda abin na gida ne, a bar maganar. Na janye."

"Da safe da kika ce a ɗauke 'yar wani, ba ki ce a bar maganar ba, Hajiya. Ƙara tana rubuce. Zai bi mu ya ba da bayani, ya kwana. Gobe ki zo ki ga babbanmu, in sulhu ne a yi shi a can."

Hajiya ta tashi, ta zagayo teburin, ta tsaya gaban yarinyar.

"Na zalunce ki, 'yata. Gaban kowa na kira ki ɓarauniya, gaban kowa nake ba ki haƙuri. Kujerarki tana nan."

"Na gode, Hajiya. Amma daga yau ina kashe kwamfutata in zan tafi."

"Ki kashe, ki tafi da wayar wutar ma in kin ga dama. Kai kuma," ta juya ga Injiniya, "shugaban makaranta, zauna nan. Da kai da ɗalibanka ina da magana."

Direba da Dakta suka dubi juna, kowa ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne.

Saje ya sa wa Kawu ankwa ya fito da shi. Har suka kai mota yana ba Dakta saƙo: mabuɗin ɗaki yana ƙarƙashin turmi, a canza musu ruwa, akwai wani ɗan ƙarami mai ɗingishi da ba ya ci sai an ware shi.

A bakin get sai ga dattijon nan ya dawo, yana tura keke don kaya sun hana shi hawa. Ya ɗauro tabarma, da bargo, da filo, da maganin sauro, da buta. Ya tsaya yana haki, yana neman 'yarsa a cikin motar 'yan sanda.

"Baba, ga ni nan," in ji ta daga bayansa.

Ya juya. Ya dube ta sama da ƙasa, ya kama hannuwanta ya jujjuya, ya ga babu ƙarfe a jiki.

"Mamana, ba za su tafi da ke ba?"

"'Yarka ce ta kama mana ɓarawon, malam," in ji Sufeto. "Mu rakiya muka yi."

Dattijon ya zauna a kan dakalin get, ya cire hula, ya share fuska da ita. Da numfashinsa ya dawo, ya leƙa motar ya ga Kawu a takure, ido ja, ko abin rufa babu.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Shi zai kwana a can?"

"Shi zai kwana."

Ya dubi kayan da ke kan kekensa, ya dubi Kawu, ya yi tsaki. Sai ya tashi ya kwance igiya, ya tura tabarmar da bargon ta tagar mota, ya ɗora maganin sauron a kai.

"Riƙe. Ba don halinka ba. Na riga na ɗauko ne."

Kawu ya rungume kayan da hannuwa masu ankwa.

Saje ya tayar da mota. Har sun fara tafiya dattijon ya biyo su da gudu yana buga ƙofa.

"Ranka ya daɗe! Bargon nan a dawo da shi gobe. Na uwarta ne, ba ta san na ɗauko ba. In bai dawo ba, ni za ku ba wa ɗaki."